Sauya Wa Tuwo Suna: Tarihin Sakaya Zance a Turanci

Makalarmu ta wannan mako za ta leƙa gidan Turawa ne, mu ga yadda suka daɗe suna lulluɓe maganar da ta yi musu nauyi a baki, da abin da mai rubutu da Hausa zai ƙaru da shi daga wannan tarihi.

Ranar 8 ga Satumba, 2022, fadar Buckingham ta fitar da gajeriyar sanarwar rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce "died", wato ta mutu, kai tsaye. Duk wanda aka koya wa Turanci a aji an gaya masa cewa ladabi shi ne a ce "passed away", domin "died" ta yi tsauri. To ga gidan da ya fi kowane gida a Ingila kiyaye ƙa'idar magana, a ranar da ta fi kowace rana nauyi a gare shi, ya ɗauki kalmar da aka ce ta yi tsauri. Ba kuskure ba ne. Dalilin yana cikin tarihin harshen, kuma za mu zo kansa.

Turawa suna kiran sakaya zance "euphemism". Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta kyakkyawan furuci, kuma ta shiga ƙamus na Turanci a tsakiyar ƙarni na 17. Littattafan koyon Turanci sukan jero irin waɗannan kalmomi kamar kayan miya a faifai: ga na mutuwa, ga na ban ɗaki, ga na ciki, ga na korar ma'aikaci. Ɗalibi ya haddace ya wuce. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne kowace ɗaya tana da shekaru, tana da garinsu, kuma akwai wanda aka ɗinka ta domin ta rufa masa asiri. Wanda bai san wannan ba, wata rana zai je ta'aziyya da kalmar barkwanci, ko ya fassara kisan jama'a da kalmar zaman lafiya.

Tsoro ne mafari

Sakayawa mafi tsufa a Turanci ba daga kunya ta fito ba, daga tsoro ne. Masana tarihin harsuna da yawa suna ganin kalmar "bear", sunan dabbar nan beyar, asalinta laƙabi ne mai nufin "mai launin ƙasa-ƙasa". Kakannin Jamusawa da Ingilishi sun daina kiran dabbar da sunanta na gaskiya don kada a ambace ta ta bayyana, har sunan ya ɓace daga harshensu. Rashawa kuma suka kira ta "mai cin zuma". Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a gidan da ake ce wa aljanu mutanen ɓoye, a ce wa maciji igiyar ƙasa idan dare ya yi.

Bayan tsoron dabba sai tsoron Ubangiji. A Ingila ta shekaru ɗari shida da suka wuce, baƙar maganar da ta fi muni ba ta batsa ba ce, rantsuwa ce da sassan jikin Annabi Isa, kamar jininsa ko raunukansa, bisa aƙidarsu ta Kirista. Don haka mutane suka riƙa gutsure rantsuwar yadda ba za a gane ta ba. Rantsuwa da raunukan ta koma "zounds". A 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisa ta yi dokar da ta ɗora tarar fam 10 a kan duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah da wasa a kan dandamali. Ana ganin sawun wannan tsantseni a wasan Shakespeare mai suna Othello: bugun 1622 cike yake da rantsuwa, amma a babban kundin 1623 an share da yawa ko an sassauta su.

Daga wannan ɗabi'a aka sami kalmomin da kuke ji a fina-finai har yau. "Gosh" da "golly" suna tsaye ne a madadin sunan Allah, "gee" a madadin sunan Isa, "darn" a madadin kalmar tsinuwa, "heck" a madadin sunan wutar jahannama. Yawancin masu faɗinsu yanzu ba su ma san asalinsu ba. Tsoron ya tafi, mayafin ya saura.

Harshen fada da harshen kasuwa

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 bayan haka Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin harshen coci da ilimi, Turanci kuwa harshen manoma da bayi. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci. Ko da Turanci ya dawo kan karaga, tabon bai goge ba: kalmar da ta fito daga Faransanci ko Latin ana jin ta da tsabta, 'yar asalin gida kuwa ana jin ta da datti, alhali abu ɗaya suke nufi. Zamanin farfaɗo da ilimi ya ƙara kwararo kalmomin Latin, aka sami tagwaye masu yawa. Talaka yana "sweat", mai hali yana "perspire", duk dai gumi ne. Wannan "naked" yake, wancan "nude", duk tsirara ce. Wannan "drunk", wancan "intoxicated", duk maye ne.

Mu ma mun san wannan hanya. Malami a kan mumbari zai ce bawali, ya ce haila, ya ce jima'i, ba wanda zai sunkuyar da kai, amma da zai faɗi takwarorinsu na Hausa da masallaci ya rikice. Aikin da Larabci yake yi mana a nan shi Latin da Faransanci suke yi wa Turanci. Baƙuwar kalma ba ta da ƙaiƙayi, domin ba da ita aka zage ka kana yaro ba.

Zamanin kunya

Daga ƙarshen ƙarni na 18 sai abin gudun ya tashi daga rantsuwa ya koma jikin ɗan Adam. 'Yan kasuwa da ma'aikata masu tasowa suna so su nuna cewa su ba gama-gari ba ne, kuma hanya mafi araha ta nuna haka ita ce tsabtace baki. A wannan zamani ne wando ya zama abin da ba a faɗa, aka riƙa ce masa "inexpressibles", daga baya "unmentionables". Tsohon sunan jaki ya yi kama da sunan mazaunai a furuci, sai "donkey" ta maye gurbinsa. Tsohon sunan zakara ya zama sunan al'aurar namiji, sai Amurkawa suka koma "rooster". A wurin cin abinci, maimakon a ambaci ƙirjin kaza da cinyarta, sai a nemi farin nama ko baƙin nama.

A 1807 aka buga wasu wasannin Shakespeare guda 20 da aka tace su don karatun iyali. Henrietta Bowdler ce ta yi aikin, amma ba a sa sunanta ba. A 1818 ɗan'uwanta Thomas Bowdler, wanda likita ne, ya fitar da cikakken bugu da sunansa. Sun cire duk abin da suke ganin uba ba zai iya karanta wa 'ya'yansa mata ba, har akwai wata karuwa da aka fitar da ita daga wasa ɗungurungum. Sakamakon da tarihi ya ba su shi ne sunan gidansu ya zama aikatau: "bowdlerise", wato a yi wa rubutu kaciya har ya rasa ƙarfinsa. A Amurka kuma Noah Webster, mai shahararren ƙamus, ya fitar da nasa bugun Baibul a 1833, inda ya sauya kalmomin da yake ganin sun yi wa kunnen mata nauyi.

Ana yawan jingina wannan ɗabi'a ga Sarauniya Victoria, amma ita a 1837 ta hau mulki, lokacin Thomas Bowdler ya shekara 12 a kabari. Haka labarin da ake yaɗawa cewa Turawan zamaninta suna sa wa ƙafafun fiyano wando don kunya. Tushensa littafin tafiye-tafiyen Kyaftin Frederick Marryat ne na 1839, kuma a kan Amurkawa ya ba da shi, ba Ingilishi ba. Ya ce wata budurwa ta ji haushinsa don ya ambaci ƙafarta da "leg" maimakon "limb", sannan ya ce ya ga fiyano sanye da wando a wata makarantar 'yan mata. Masana tarihi da dama suna ɗaukar zancen fiyanon a matsayin zolaya. Darasi a nan: labarin da ya yi daɗi da yawa, a bincike shi kafin a sa a rubutu.

Ɗakin da ba shi da suna

Babu inda ake ganin yadda sakayawa ke tsufa kamar wurin biyan buƙata. Turanci ba shi da kalmar mutunci ko ɗaya ta wannan wuri wadda ba sakayawa ba ce. "Privy", tsohuwar cikinsu, ma'anarta keɓantaccen wuri. "Lavatory" da "latrine" duk daga kalmar Latin ta wanki suka fito. "Water closet" ta ƙarni na 18 ɗan ɗaki ne mai ruwa, ita ce ta gajarce ta zama WC.

Tafiyar "toilet" ta fi ban mamaki. A Faransanci ɗan ƙyalle take nufi. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16 a matsayin ƙyallen naɗe tufafi. Daga nan ta zama ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin kwalliya, sai ta zama kwalliyar kanta, sai ɗakin da ake kwalliyar. A ƙarshen ƙarni na 19 Amurkawa suka ara ta don sakaya wurin bahaya. Ba a jima ba warin wurin ya kama kalmar, sai suka gudu zuwa "bathroom", ɗakin wanka, ko da babu abin wanka a ciki, da "restroom", ɗakin hutu, ko da ba mai hutawa a can.

A babban baje kolin Landan na 1851 wani injiniya mai suna George Jennings ya kafa ban ɗakuna masu ruwa, ana biyan kwabo ɗaya a shiga, kuma sama da mutum 800,000 suka biya. Kwabo ya daɗe yana zama kuɗin shiga ban ɗakin jama'a a Ingila, shi ya sa a ƙarni na 20 aka sami "spend a penny", kashe kwabo. Idan tsohuwa a littafin Ingilishi ta ce za ta je ta kashe kwabo, ba kanti ta nufa ba.

Ku duba namu. Bayan gida da farko wuri ne, can bayan ɗakuna. Yau idan likita ya ce a kawo bayan gida, kowa ya san ba wuri yake nufi ba. Kalmar ta ɗauki nauyin abin da aka sa ta ɓoye, shi ya sa muka koma ban ɗaki, da makewayi, da "bari in kewaya".

Mutuwa da masu sana'arta

"Pass away" tsohuwa ce, ta fi shekara 600 a Turanci, kuma ta fito ne daga imanin cewa rai wucewa yake yi zuwa wani gida. "Deceased" daga kalmar Latin ta tafiya take. "Cemetery", maƙabarta, a Girkanci wurin barci ne. Waɗannan sun yi daidai da namu na rasuwa, da kwanta dama, da riga mu gidan gaskiya. Tausayi ne ya haife su.

Amma da jana'iza ta zama kasuwanci, sai wani sabon salo ya shigo. "Undertaker" da can duk wanda ya karɓi kwangilar aiki ne, sai a ƙarshen ƙarni na 17 ta maƙale wa mai shirya gawa. Da ta yi warin gawa, masu sana'ar a Amurka suka ƙirƙiro "mortician" a 1895, don ta yi amo irin na sunan likita, sannan suka koma "funeral director". Akwatin gawa ya tashi daga "coffin" ya koma "casket", wadda asalinta akwatin adana gwala-gwalai ne. A 1963 Jessica Mitford ta wallafa The American Way of Death, inda ta nuna yadda wannan lallausan harshe yake taimaka wa masu sana'ar su tatsi iyalan mamaci a lokacin da ba su da ƙarfin yin ciniki.

Yayarta Nancy Mitford ce za ta warware mana batun fadar Buckingham. A 1954 Farfesa Alan Ross na Jami'ar Birmingham ya yi nazari a kan bambancin maganar masu sarautar gargajiyar Ingila da ta masu matsakaicin hali, Nancy kuma ta yayata shi a mujallar Encounter a 1955. Abin da ya fito daga muhawarar ya ba mutane mamaki: 'yan asalin sarauta su ne masu faɗin abu kai tsaye. Su "die" suke cewa, masu neman a ce sun waye su ne masu "pass on". Wanda ya gaji girma ba ya buƙatar ado a baki don a san shi wane ne. Ke nan sakayawa a Ingila ba ladabi kaɗai take nunawa ba, tana fallasa ajin mai magana.

A nan ne kuma tarko yake ga mai koyo. "Kick the bucket" tana cikin jerin da ake ba ɗalibai, amma tun a ƙamus ɗin Francis Grose na 1785, wanda ya tattara maganganun 'yan tasha, aka rubuta ta. Ba ta ta'aziyya ba ce. Takwararta a Hausa ita ce "ya sheƙa barzahu". Wa zai shiga gidan makoki ya ce mahaifinku ya sheƙa?

Haka ciki. A 1952 'yar wasa Lucille Ball ta sami juna biyu tana tsakiyar shirinta na talabijin, I Love Lucy. Gidan talabijin na CBS bai yarda a furta "pregnant" a shirin ba, sai aka yi amfani da "expecting", taken kashin ma aka aro masa kalmar Faransanci. Tsohuwar hanyar Ingilishi ta faɗin haihuwa kuwa, wadda ke ambaton kai mace gado, ta tsufa a can amma 'yar'uwarta tana raye a Turancin Najeriya: "put to bed", wadda ƙamus na Oxford ya shigar a Janairun 2020.

Gudu a wuri ɗaya

A 1910 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya ƙirƙiro "moron" a matsayin kalmar asibiti ga masu raunin fahimta, ta zauna tare da "idiot" da "imbecile". Duka ukun suka zama zagi. Aka kawo "mentally retarded" don ta zama mai mutunci, ita ma yara suka mai da ta zagi a filin wasa. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Rosa's Law, wadda ta cire ta daga dokokin tarayya ta sa "intellectual disability". A Birtaniya ƙungiyar The Spastics Society ta koma Scope a 1994 saboda sunanta ya zama abin tsokana. A wannan shekarar ce Steven Pinker ya kwatanta lamarin da injin motsa jiki, wanda mutum ke ta gudu a kansa bai gusa ko taku ɗaya ba.

Dalilin a fili yake. Ƙyamar ba a cikin kalmar take ba, a zukatan mutane take. Muddin ba a daina raina mutum ba, duk sunan da aka ba shi zai tsufa ya zama zagi. Wannan ba ya nufin sauya sunan banza ne, domin wanda ake kira yana da haƙƙin a kira shi da abin da ba zai ƙona masa rai ba. Amma kada mu ɗauka an gama aiki don an sauya wa tuwo suna.

Lokacin da mai mulki ya ari mayafin

Duk abin da muka lissafa zuwa yanzu, mai rauni yake karewa ko mai jin kunya. Akwai wani reshe dabam, wanda mai ƙarfi yake karewa, kuma shi ne ya fi shafar mu.

Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya yi tanadi a kan bayi a wurare da dama ba tare da ya ambaci kalmar bawa ko bauta ba. Sai a gyara na 13, a 1865, kalmar ta fito, ranar da aka zo soke ta. 'Yan Kudu masu bayi kuwa "peculiar institution" suke ce mata, wato tsarin da ya keɓanta da su. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 sojojin Birtaniya sun tara iyalan Turawan Boer a sansanonin da aka fara kira na 'yan gudun hijira, aka kuma san su da "concentration camps", wuraren tattara jama'a. Fiye da mutum 26,000 suka mutu a ciki, akasarinsu yara, ban da dubban baƙaƙen fata da suka mutu a nasu sansanonin. Kalmar da ba ta nufin komai sai tattarawa, yau ba mai jin ta gabansa bai faɗi ba.

Mu dawo gida. Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka shelanta Arewacin Najeriya a matsayin "Protectorate", ƙasar da aka ba kariya. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yuli. A Maris na 1906 aka shafe garin Satiru da ke kusa da Sakkwato, aka kashe mutum kimanin 2,000. Sunan da rubuce-rubucen Turawan mulki suke ba irin wannan aiki shi ne "pacification", wato kwantar da hankali, ko samar da zaman lafiya. Ɗalibin tarihi da ya fassara kalmar yadda ƙamus ya ba shi, zai rubuta da hannunsa cewa an kawo wa kakanninsa zaman lafiya a Satiru. A 1946 George Orwell ya rubuta makala a kan siyasa da harshen Turanci, kuma wannan kalma tana cikin misalan da ya kawo na yadda ake ba ta'asa suna mai sanyi don kada hotonta ya zo wa mai sauraro a zuci.

Salon bai tsaya nan ba. Yaƙin da Birtaniya ta yi a Malaya daga 1948 zuwa 1960, da na Kenya daga 1952, "Emergency" aka kira su, dokar ta-ɓaci. A Malaya har da dalilin kuɗi, domin kamfanonin inshora ba sa biyan asarar yaƙi. Tsakanin 1947 da 1949 Amurka ta rushe Ma'aikatar Yaƙi ta kafa Ma'aikatar Tsaro. A 1950 Shugaba Truman ya amince a kira yaƙin Koriya "police action", aikin 'yan sanda, kuma da wannan sunan gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara kiran yaƙin basasa a Yulin 1967, yaƙin da ya ci wata 30. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya yayata "collateral damage", ɓarnar gefe, wato fararen hular da bam ya kashe. Bayan 2001 aka sami "enhanced interrogation", ingantacciyar tambaya, wadda rahoton Majalisar Dattawan Amurka na Disambar 2014 ya bayyana irin azabar da ke ƙarƙashinta.

Har ƙarya tana da nata mayafin. A majalisar Birtaniya ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci ba, don haka furucin Churchill na 1906, "terminological inexactitude", rashin daidaiton lafazi, ya zama hanyar kewayewa. A 1986 sakataren majalisar ministocin Birtaniya, Robert Armstrong, ya faɗa a wata kotu a Sydney cewa ya yi "economical with the truth", wato ya yi tsimin gaskiya. A ofis kuma, wanda aka kora an ce "let go", kamar dama roƙo yake a sake shi, korar ɗaruruwa kuwa "downsizing" ce, rage girma.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, idan kuna fassara, ku fassara aikin da kalmar take yi, ba harafinta ba. "Passed away" rasuwa ce, "expecting" juna biyu ce, "senior citizen" dattijo ne. Muna da namu, kuma sun fi dacewa da kunnen mai karatunmu.

Na biyu, ku san shekarun kalma da garinsu. Abin da yake ladabi a Amurka yana iya zama abin dariya a Ingila, abin da likita ya rubuta a 1950 yana iya zama zagi yau.

Na uku, a ƙagaggen labari sakayawa kayan aiki ce. Yadda tauraro yake ambaton mutuwa ko ban ɗaki ko sunan ɗan fari yana gaya wa mai karatu shekarunsa da tarbiyyarsa da wanda yake jin nauyi, ba sai marubuci ya yi bayani ba. Kaka da jikanta ɗan jami'a ba za su sakaya abu iri ɗaya ba.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Duk lokacin da kuka ci karo da lallausar kalma, ko alƙalaminku ya kai gare ta, ku tambaya: wa take rufa wa asiri? Tsofaffin jaridun Ingila sukan rubuta cewa an yi "interfered with" da yarinya, wato an taɓa ta, alhali fyaɗe aka yi mata. Mu ma sau nawa muke karanta cewa wani magidanci "ya yi lalata" da 'yar shekara bakwai? Lalata kalma ce da ke ɗaukar mutum biyu da suka haɗa kai. Idan muka ɗora ta a kan fyaɗe, mun raba laifin biyu, mun ba yarinyar rabi. Muna jin kamar kunya muka yi, alhali mai laifin muka yi wa sutura. Haka idan sanarwa ta ce an yi "neutralise" da mutum 30, mai fassara ya tsaya ya tambaya: kashe su aka yi, ko kama su, kuma su wane ne?

Kunya ado ce, ba wanda ya ce mu yar da ita. Wanda ya je gaisuwar mutuwa ya sassauta harshe, mai rubuta soyayya ya ja labule inda ya dace. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inda aka zalunci wani, kalmar da ta fi kowace ladabi ita ce wadda ta kira abin da sunansa.

Aikin wannan mako: kowa ya kawo kalmar sakayawa ɗaya ta Hausa da ya ji a bakin kakanninsa wadda yanzu ba a cika ji ba, ya faɗi garin da ake amfani da ita, da abin da ya maye gurbinta. Sannan ya ɗauko jimla ɗaya daga labaran wannan mako, ta Hausa ko ta Turanci, ya gaya mana wa take rufa wa asiri. Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.